Tsuntsun da Ya Riƙe Yaya Mamman a Kurmi

To, ku matso ku ji, in faɗa sau ɗaya in huta. Tun ranar da na dawo na buɗe rumfata a kasuwar nan ta Kamba ba ku bar ni na sayar da kifi cikin natsuwa ba. Wannan ta ce, "Kulu, yaya kurmi?" Waccan ta ce, "Da gaske suna cin katantanwa?" Ke kuma Ta-Allah, da bakin nan naki, tambayarki ɗaya ce kullum: "Kin samo yayan naki, ko mayyar ta cinye shi?" Zan bi da ku hanyar daki-daki. Amma duk wadda ta katse ni, wallahi na yi shiru ke nan.

Kun san Yaya Mamman ne babba a ɗakinmu, ni ke bi masa. Ya bi fataken goro ya yi kudu tun da sauran ƙarfin Inna. Da farko yakan aiko da gaisuwa da ɗan huhun goro, daga baya sai shiru, ko tari. Ana nan sai wasu fatake suka sauka garinmu Geza suka ce sun gan shi a wata kasuwa can kudancin Dahome, yana bin wata Bayarabiya a baya kamar raƙumi da akala. Sun ɗaga masa hannu, ya juyo ya dube su tsaf, ya kau da kai ya wuce.

Daga ranar Inna ta daina cin abincin kirki. Dama tun rasuwar Baba ta tuɓe warwaronta da 'yan kunne ta ce ta gama ado, to yanzu har magana ta rage. Matar da ba ta taɓa gani ba kuwa, ba ta da suna a bakinta sai "mayyar kurmi." Aka je wurin wani malami a Kurgu, ya buga ƙasa ya ce kurciya aka yi masa, asirin nan da ake ɗaura wa tsuntsu don a raba mutum da garinsu. Ya ce a nemo tsuntsun, a kama shi, a wanke shi da rubutu, mutum zai dawo gida da ƙafarsa. Inna ta aiko aka kira ni. Ta riƙe hannuna ta ce, "Kulu, tahi ki kawo min ɗana tun ina da numfashi." Na ce to.

Wanda ya raka ni Kawu Arzika ne, ƙanen Inna, tsohon bafataken goro. Mutumin nan bai yarda da kowa ba. Ko ruwa ka ba shi sai ya karkata ƙwaryar ya leƙa gindinta. Ya ɗauki gorar rubutun malam, ya nannaɗe asuta, wato tarkon tsuntsu na gashin wutsiyar doki, ya cusa a hularsa. Muka tashi da kaka, ba a daɗe da shagalin samun mulkin kai ba.

Muka bi ta Bagudo muka gangara bakin Kwara. Basarke mai jirgin da zai ƙetarar da mu ya ce mata su zauna tsakiya. Kawu ya ce a'a, shi zai zauna tsakiya, don ya ga mutumin yana ta kallon gorarsa. Haka aka yi ta ja-in-ja har wani Bafillace mai tunkiya ya ce, "Baba, in jirgin ya kife, tsakiya da gefe duk ruwa guda ne." Muka ƙetare lafiya, sai dai tunkiyar ta cinye min rabin ƙunshin ƙuli-ƙuli.

A kan iyaka, kafin Segbana, muka tarar da sabuwar tuta a kan wata rumfar kwano, kore da rawaya da ja. Su ma ashe sun karɓi ƙasarsu daga hannun Faransa a shekarar. Kawu ya dubi jandarman da ke zaune, wato ɗan sandansu, ya raɗa min, "Tuta ɗai anka sake. Wanga shi na, na san shi tun zamanin Nasara." Jandarman yana Faransanci, wani Badande, mutumin yankin, yana juya mana. Suka zazzage kayana har ɗan tulun man shanu. Suka jijjiga gorar rubutu, suka ce mene ne. Kawu ya ce maganin ciwon baya. Ai kuwa jandarman ya dafa ƙugunsa ya ce shi ma yana fama, a sam masa. Da idona na ga ya kurɓi rubutun da aka yi don kwance kurciya, ya yamutsa fuska, ya yi godiya.

Ba su bar mu mun wuce ba sai da aka yi mana lamba a dantse, wai maganin agana. Ni dai hankalina bai kwanta ba, don ban ga dalilin da baƙo zai tsaga min fata kyauta ba. Kawu kuwa muna shan kwana ya samu toka da lemun tsami ya goge tasa, wai shaida ce suke sa wa mutane kamar shanu. Hannun ya kumbura suntum. Tawa da na ƙyale ta warke ba ta ce min komai ba.

A Kandi muka sauka zango, gidan wata tsohuwa Badanda mai fara'a, ko motsi ka yi sai ta ce "fofo," wato sannu. Fara'ar ce ma ta sa Kawu ya kwana da takalmansa a ƙarƙashin kai. Ta kawo mana wani abu soyayye mai jan baya, fari a ciki, ta ce wagashi. Na ce nama ne ko me? Ta ce nono. Na ce a ina nono yake tauri har a soya shi? Ban taɓa ba sai da safe da na ga Fulani mata suna tallansa a kan faifai, irin Fulaninmu sak. Na ci, na kuma ci, na yi da-na-sanin daren jiya. Burodinsu kuwa dogo ne siriri kamar muciya, ɓawonsa har yanka dasashi yake yi.

Daga nan babbar mota ta kai mu Paraku, muna zaune a kan buhunan doya. Can na fara shiga jirgin ƙasa. Kusa da ni wata mata ce da kwandon kaji. Ba ta jin Hausa, ba na jin nata, amma tun da jirgin ya tashi take ba ni labari. Da rana ta take ta kwance wani farin abu a ganye, akasa, kamar kamu da aka dafa ya daskare, da ɗan yaji da manja. Kawu ya harare ni ya ce, "Kul! Ba a cin abin hannun wanda ba a sani ba." Na ce, "Kawu, yunwa ma ban san ta da kyau ba, amma ga ta tana ci na." Na karɓa. Da ya ga har la'asar ban faɗi ba, ya miƙa hannu ba kunya ya ci ƙunshi biyu.

Muna yin kudu duniya na canzawa. Aladu suna yawo a gari kamar awaki. Ƙato da gemunsa zai kwanta rub da ciki a ƙasa don gaida tsohuwa. Mata ke riƙe da kasuwa, su ke ciniki, su ke faɗa, maza na gefe. A ƙofar gidaje da yawa akwai wani ɗan curin ƙasa da aka zuba wa manja da gashin kaza. Duk wanda muka wuce sai Kawu ya tofa addu'a ya ce, "Kin gani ko? Ƙasar da ake ba ƙasa abinci, mi za a bar ma mutum?" Ni ma, gaskiya, na tsorata.

Da tambaya a zango-zango muka samu ƙauyen. Sai da muka bar mota muka taka cikin kurmi, rana tsaka amma kamar magariba, ƙasa a jiƙe, sama ba ta ganuwa. Gidan yana bakin daji, shi kaɗai. Ga mutum zaune a kujera gindin bishiyar goro, ya ja malfa har gira. Na yi sallama.

Ya miƙe zumbur. "Kulu? Kulu ce?"

Na saki kaya na faɗa jikinsa ina kuka, shi ma yana yi. Ya rame, furfura ta fito. Amma ko da yake riƙe da hannuna, fuskarsa tana wajen kafaɗata, bai dube ni ido da ido ba. Kawu kuwa yana tsaye gabansa ƙiƙam, bai ce masa ci kanka ba. Sai da Kawu ya yi gyaran murya don haushi, sannan Yaya ya zube ƙasa yana, "Kawu, ashe tare kuke! Gahwara, Kawu." Kawu ya dube ni, na dube shi.

Sai ga matar ta fito. Sunanta Sariyu, gajera, baƙa, ba ta da yawan magana, hannunta na dama cike da warwaron tagulla. Ta durƙusa har ƙasa ta gaishe mu da 'yar Hausarta. Ta yi mana sakwara da miyar ganye, manja har yana iyo. Ga salla tana yi, ban ce ba ta yi ba. Amma ni na zo da idona a buɗe.

Abin da na gani kuwa ya ishi mai zargi. In ta ajiye masa abinci sai ta ƙwanƙwasa bakin akushin, sannan ya sa hannu. Butarsa wuri ɗaya take zama, jikin wani dutse. Ranar da na ɗauka na yi alwala na ajiye ta wani wuri, matar nan da ba ta magana ta taso min kamar zan kashe wani: "A'a! Nan! Kullum nan!" In za su fita, ita ce gaba tana kaɗa hannu, warwaro na cas-cas, shi yana biye. In ta tsaya ya tsaya. Yayana, wanda yake kokawa da maza a dandalin Geza!

Sannan ga tsuntsun. Kowace safiya Sariyu takan fasa gidan gara ta kai bakin daji, bayan bishiyar goron, ta zuba a kan wani kututture. Sai wani ɗan tsuntsu ya fito daga duhun ganye. Ya ɗan fi gwara kaɗan, bayansa ruwan ƙasa, ƙirjinsa fari-fari, da ɗan jan zane a tsakar ka. Ba ya tashi sama, iyakarsa ƙananan rassa da ƙasa. Na gwada watsa masa geron da na zo da shi, ko kallo bai yi ba, sai ƙwari kaɗai. Na ce a raina, tsuntsun da ya raina hatsi, wannan tsuntsun Allah ne kuwa? In ya yi ɗan kukansa a hankali, sai ka ga Yaya ya karkata kai yana murmushi. Wata rana kuwa tsuntsun ya canza murya, ya kama wani ƙyat-ƙyat-ƙyat ba tsayawa. Nan take Yaya ya ɗage ƙafafu, ya ɗauki kujerarsa ya koma ƙofar ɗaki yana kiran, "Sariyu, baƙi!" Ta fito da kaskon toka mai zafi ta zagaye gidan da ita. Na duba gabas na duba yamma, ban ga baƙon kowa ba.

Kawu ya ja ni bayan ɗaki. "To, mi ya rage? Ga tsuntsu, ga hadaya, ga toka. Nan ba su da kurciya, shi ya sa tay yi da nasu."

Na gwada ta lalama tukuna. Na samu Yaya shi kaɗai na ce, "Yaya, Inna ba ta da lahiya. Ba ta ci, ba ta barci. Kai take kira."

Ya sunkuyar da kai. "Ki ce mata ina nan tahe."

"Yaushe?"

Ya kau da kai.

"Yaya, uwa ta haihe ka ko itacen goro?"

Hawaye ya zubo masa. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na je na ce wa Kawu ya ɗana asutarsa.

Muka jira ranar kasuwa, Sariyu ta ɗauki tiren goro ta tafi. Yaya yana gindin bishiyarsa yana gyangyaɗi. Kawu ya lallaɓa ya shimfiɗa asuta a kan kututturen, ya zuba gara. Ba a jima ba tsuntsun ya sauko, ƙafa ta shiga. Kawu ya damƙe shi ya matse bakin, muka yi rafi da shi sumul-sumul. Can muka duba ƙafafu, muka buɗe fukafukai, muka hura gashin wuya. Ba zare, ba laya, ba allura. Kawu ya ce to a ciki aka ɓoye, ya laluba wuƙa. Na ce, "Malam wankewa ya ce, bai ce yanka ba." Na karɓe shi. Ba nauyin komai, zuciyarsa na bugawa a tafin hannuna fat-fat-fat. Kawu ya fara tsiyaya masa abin da jandarma ya rage.

Sai muka ji ihu daga gida.

Ban san lokacin da na buɗe hannu tsuntsun ya tsere ba. Na ruga, zane a hannu. Abin da na tarar, Allah kada ya sake nuna min. Tsakar gidan ta yi baƙi ƙirin da kwarkwasa, tururuwar nan mai cizo da ke tafiya runduna guda. Irin ta kurmi ba irin wadda kuka sani ba ce, akuya in tana ɗaure sai su bar ƙashi. Sun fito ta bayan kututturen, sun rufe kujerar, sun hau Yaya har wuya. Yana tsaye yana tsalle, hannuwa a miƙe, yana, "Sariyu! Sariyu!" Ga fili fes a damansa, taki kaɗan ya fita. Sai ya yi hagu, cikin tsakiyarsu, ya gwabza goshi da bishiya.

Na yi ihu, "Yaya, nan! Dubo nan!" Na cire gyalena ina kaɗa masa dab da fuska. Idanunsa a buɗe tar, suna kallon sama da kaina. Ko ƙiftawa ba su yi ba.

Wayyo Allah. Nan na gane. Ƙwanƙwasa akushi, da buta, da warwaro, da fataken da suka ɗaga hannu, duk suka faɗo min lokaci guda. Na kutsa ciki na fizgo shi, su ma suka hau ni. Kawu ya yaye masa riga, ya kwaso toka a murhu yana watsawa, yana salati yana susa. Muna cikin haka Sariyu ta dawo. Ta yar da tiren, goro ya watse. Ta zaunar da shi, ta shiga cire kawunan kwarkwasar daga fatarsa ɗaya bayan ɗaya, don ko an tsinke jikin, bakin ba ya saki. Ba ta dube mu ba. Sai da ta gama ta ɗago ta ce, "Ina tsuntsu?"

Ni dai da ƙasa za ta tsage da na shige.

Yaya ne ya yi magana, goshi na jini. Ya ce idon ya fara ne da ƙaiƙayi da hazo-hazo lokacin da yake aiki a gonakin bakin rafi, har ya rufe ɗungum. Shi ya hana Sariyu faɗa wa kowa, har da mu, ya sa ta rantse. Tsuntsun kuwa, ya ce, bin kwarkwasa yake yi. In rundunar ta taso, ƙwari na gudu a gabanta, shi kuma yana cafkewa, yana wannan ƙyat-ƙyat ɗin. Su ne "baƙin" da Yaya ke kira. Mutanen kurmi duk sun san haka. Sariyu ta saba masa da gara ne don ya zauna kusa, ita ta samu ta je kasuwa ta nemo abin da za su ci.

"Shi na idona in ba ta nan," in ji shi. "Na bar gida da ƙarfina, Kulu, na ce ma Inna sai na dawo na sake mata ɗaki. In koma a ja ni da sanda?"

Washegari Sariyu ta zuba gara a kututture. Tsuntsu bai zo ba. Ta zuba jibi, ta zuba gata. Kaji suka cinye. Ta daina zuwa kasuwa, ta daina zuwa rafi sai in ina zaune da shi. Yaya yakan karkata kai wajen dajin tun safe har rana ta yi, ba ya jin komai. Ba ta taɓa ce min ga laifinki ba, kuma wannan ya fi min zagi ciwo.

Ran nan muna ɓare agushi ni da Sariyu, ta ce, "Garinku, kwarkwasa akwai?"

Na ce, "Ba irin wagga ba."

"Mutane akwai? Kusa-kusa?"

"Gida na jikin gida."

Ta kakkaɓe zanenta ta je ta tsaya gaban Yaya. "Mu tafi."

Ya ce, "Da wane ido zan dubi Inna?"

Nan fa haƙurina ya ƙare. Na ce, "Kai Yaya, ji min mutum! Wa ya ce kai za ka dube ta? Ita za ta dube ka!"

Dawowar ba ni da abin faɗi da yawa a kanta. Sariyu na gaba, warwaro na cas-cas, Yaya na biye, cikin tasha, cikin jirgi, har cikin kwalekwalen Basarke. Wanda bai sani ba ba zai ce makaho ne ba. Kawu kuwa tun daga Kandi ya warware, ya dawo da bakinsa. Har yau in kun je Geza zai gaya muku aikin malamin Kurgu ne ya ci. "An ce a kama tsuntsu a wanke shi, mutum shi dawo gida. Mun kama, mun wanke, ga shi ya dawo. Ina ƙarya?" Kuma har yanzu ba ya cin abincin Sariyu sai ya ga wani ya fara sa hannu. Na bar shi da halinsa.

Mun shiga Geza da la'asar. Na riga su shiga ɗaki don in shirya Inna. Tana kwance, ta zama kamar kara. Na durƙusa na ce, "Inna, na kawo shi. Amma idonsa..." Ta ce, "Ɗana nac ce ki kawo min. Tashi ki ba ni wuri."

Ya shigo yana laluben bango, don Sariyu ta tsaya a bakin ƙofa, kunya ta hana ta shiga. Ya ce, "Inna?" Ta buɗe baki, murya ta ƙi fita, kuka ya toshe ta. Ya juya wajen randa ya sake cewa, "Inna, kina ina?" Ta miƙa hannu, bai kai gare shi ba.

Sai Inna ta dubi matar da ke bakin ƙofa, wadda ta shekara tana kira mayya. Ta daɗe tana kallon hannunta. Ta yafuto ta. Sariyu ta rarrafo ta durƙusa. Inna ta kama hannun, ta zare warwaro biyu, ta zura a nata siririn hannun da rabonsa da ado tun rasuwar Baba. Ta ɗaga shi ta kaɗa.

Yaya ya juyo, ya taho kai tsaye, ya zube a gabanta.

Da na baro Geza warwaron suna hannun Inna. Ta fara cin tuwo, har tana faɗan an cika gishiri. Ko bayan gida za ta zaga sai ta kaɗa su, don ya san inda take.